Faci

Ranar Laraba aka buɗe mini ƙofa.
Gandiroba ya miƙo mini baƙar leda:
riga ɗaya, carbi, takardar sallama.
Ya ce, "Nomau, kar mu sake ganin ka."
Na tsaya a bakin titin Birnin Kebbi
ina jiran wani ya ce mini tafi,
don shekara huɗu ƙafata ba ta ɗaga ba
sai da izini.

Motar Yawuri ta sauke ni bayan la'asar.
Kwara tana nan yadda na bar ta,
ba ta tambaye ni inda na je ba.
Mutane ne suka tambaya, da ido.
Na yi sallama a rumfar masu bandar kifi,
aka amsa mini rabi,
wani ya dafe aljihu yana kallon sama.
Ban ga laifinsa ba.
Ni ne ma'ajin ƙungiyar masunta,
ni na cinye gumin mutum goma sha tara,
kuɗin koma, kuɗin inji, kuɗin rufin ɗaki.
Ba aljani ba ne, ba sammu ba ne. Ni ne.

A gida 'yata Hakama ta laɓe bayan randa,
ta ce, "Inna, baƙon nan kwana zai yi?"
Wallahi gabzar kurkuku
ta fi maganar nan saurin wuce maƙogwaro.

Wata biyu ba wanda ya ba ni ko dakon kwando.
Sai tsoho Gado, mai sassaƙar jirgi,
ya kama tafina ya juya, ya duba kanta.
"An ce can ciki ka riƙe zarto."
Na ce benci muke yi, da ƙyauren taga.
Ya nuna mini wani kwalekwale kife a yashi,
cikinsa a tsage kamar faso.
"Katako bai san labarin kowa ba," in ji shi,
"amma ruwa ba a yi masa ƙarya.
Ka ci amanar ƙusa ɗaya,
tsakiyar gulbi zai tona ka."

Na cusa tsumma, na narka kwalta,
na buga gwangwani a kan tsagar.
Da muka tura shi, ban yi numfashi ba
sai da na ga cikinsa a bushe.

Na sayi littafin 'yan makaranta,
na jera sunaye goma sha tara.
Duk ranar kasuwa sai in rage wani abu.
Wani ya ƙirga sau biyu a gabana.
Sahabi ya riga ya rasu, marayunsa na bai wa.
Tumba kuwa ta dubi kuɗin a kan faifai,
ta ce, "Na injin ɗana ne.
Da bai samu ba ya bi ruwa ya yi kudu,
yau damina shida ba labari.
Shi kuma a wane shafi ka rubuta shi?"
Ban da amsa. Har yau ban da ita.

Yanzu rumfata na da kwano,
jirage bakwai na hannuna suna ketara mutane,
Hakama na kawo mini fura, tana ce mini Baba
ba tare da an tuna mata ba.
Ran nan na ga Tumba a mashigi,
ta taka ɗaya daga cikinsu da ƙafa, ta gwada,
sannan ta zauna da ƙwaryarta a cinya.
Ba ta dube ni ba.
Amma ta zauna.

Jiya wani yaro ya sauko daga mota
da baƙar leda, yana tsaye yana jiran izini.
Na san tsayuwar.
Na miƙa masa gizago, da makullin akwatin kaya,
na ce zan je masallaci,
na tafi ban waiwaya ba.

To, na waiwaya. Sau ɗaya.